Ta Farisa ko ta Kaukasus? Kafin ka zuba kuɗi a kan tsohuwar darduma

Bara kawuna ya gama ginin falonsa na baƙi. Ya sa tayil, ya jera kujeru, sai ya ce tsakiyar ɗakin ta yi masa fayau. Kafet ɗin inji da ake yankowa yadi-yadi bai kwanta masa ba, so yake a samo masa darduma ta saƙar hannu wadda ta girme shi. Ɗansa da ke zuwa sari Istanbul ya turo masa hotuna biyu ta waya. Ɗaya ja ce mai duhu, furanni sun cika ta har babu masaka tsinke, an ce ta Kashan ce, wani birni a Farisa, wato Iran ta yau. Ɗayar kuma manyan zane-zane ne masu kusurwa, ja da kore da fari, launuka tar-tar kamar tutar wata ƙasa, an ce Kazak ce, irin ta yankin Kaukasus. Ya aika aka kira ni, ya ce, "Kai da ka ɓarnatar da kuɗinka a kan waɗannan tsummokara, zo ka gaya mini wacce zan ɗauka." Na ce, "Kawu, a ba ni abin awo tukuna in auna ɗakin." Ya dube ni kamar na yi saɓo. Amma daga nan maganar take farawa, kuma zan dawo kanta.

A bakin 'yan kasuwar darduma, ba a kiran abu tsoho na gaske sai ya cika shekara ɗari. Mafi yawan abin da mutum zai iya samu ya saya an saƙa shi ne tsakanin wajen 1870 da 1920 da 'yan kai, lokacin da Turawa suka bazama neman kayan gabas. Na zamanin daular Safawiyya ta Farisa, wato ƙarni na 16 da na 17, waɗannan a cire su a lissafi. Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan tana ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, daidai da 1539 zuwa 1540, tsawonta ya wuce mita 10, ƙullinta kusan miliyan 26, kuma minti goma-goma ake kunna mata fitila don kada haske ya cinye launin. Wata ta Karman, 'yar ƙarni na 17, an sayar da ita a gwanjon Sotheby's a New York a 2013 kan dala miliyan 33.7. Duk wanda ya ce zai sayar maka da ta zamanin Shah Abbas, sarkin Safawiyya, a bayan shago, ka gaishe shi ka wuce.

Abin da na fahimta bayan shekaru ina taɓa waɗannan kaya shi ne, iyakar ƙasa ba ita ce ta raba su ba sosai. Abin da ya raba su shi ne inda zanen ya fito: daga takarda, ko daga ka.

A biranen Farisa irin su Kashan, Tabriz da Karman, akwai mai zane daban, akwai marini daban, akwai masaƙi daban. Mai zanen yana zana komai a takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli ɗaya ne, masaƙi kuwa bin takardar yake yi kamar mai kwafar allo. Shi ya sa layi yake iya lanƙwasa, reshe ya naɗe, fure ya fito da ganyensa. Tsarin da ya fi yawa shi ne wanda suke kira lachak-toranj, wato babbar tambari a tsakiya, sannan a raba irinta kashi huɗu a sa a kusurwoyi. Akwai zanen herati, fure a cikin siffar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu, da ganye huɗu masu lanƙwasa kewaye da shi, wanda Farisawa ke cewa mahi, wato kifi, don ganyen sun yi kama da kifaye suna zagaye tafki. Akwai boteh, mai kama da ɗigon ruwa da ya karkata kai, wanda matanmu suka sani sarai a jikin gyale da atamfa. Akwai kuma babban furen da ake jinginawa ga Shah Abbas, sarkin da ya mayar da fadarsa Isfahan a 1598. Kashan ta ƙarshen ƙarni na 19, musamman wadda 'yan kasuwa ke kira Mohtasham, ulunta laushi gare shi kamar karan-miski. Karman kuma ja ɗinta yana karkata zuwa shunayya, don galibi daga wani ƙwaro ake samun rinin. Isfahan sai a yi hattara: saƙar birnin ta durƙushe bayan Afganawa sun ci shi a 1722, ba ta farfaɗo sosai ba sai wajen shekarun 1920, don haka yawancin abin da ake kira tsohuwar Isfahan yanzu ne take taka shekara ɗari, in ma ta taka.

Kaukasus wata duniya ce. Tuddai ne tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kasfiya, inda Azabaijan, Armeniya, Jojiya da Dagestan suke a yau. Yanki mai yawa na kudancinsa yana ƙarƙashin Farisa har Rasha ta ƙwace shi ta yarjejeniyar Gulistan a 1813 da ta Turkmanchai a 1828. A nan mata ne ke saƙa a gida, a ƙaramar masaƙa, da ulun tumakin gidansu, zanen kuma uwa ce ke koya wa 'ya. Wanda ke saƙa daga ka ba ya iya riƙe lanƙwasa mai wuya, sai ya miƙe layi, ya yi kusurwa. Fure ya koma tauraro mai tsini takwas, reshe ya koma ƙugiya, dabba ta koma 'yan sanduna huɗu da kai. Tsofaffin dardumun yankin na ƙarni na 17 da na 18, waɗanda ake kira masu dodo, in ka bi zanensu a hankali za ka ga asalinsa na fadar Farisa ne, ƙauye ya yi ta taunarsa har ya sake kama.

Kazak, wadda aka turo wa Kawu, ba ta da alaƙa da ƙasar Kazakistan. Daga yammacin yankin take, wajen garin Ƙazakh da ƙauyukan da ke kan iyakar Azabaijan da Armeniya da Jojiya. Gashinta dogo ne, ƙafa tana nutsewa, ulun yana sheƙi, zanen kuma manya-manya, ba ya jin kunyar barin fili. Dillalai sun raba ta da sunaye: Sevan mai wata ƙatuwar garkuwa a tsakiya, Karachov mai farin tambari mai kusurwa takwas a kan kore ko ja, Borjalu mai gefe kamar haƙoran zarto, Lori-Pambak, da sauransu. Sunayen nan na kasuwa ne, sau da yawa zanen ake nufi da su, ba hujja ba ne cewa a wancan ƙauyen aka saƙa. Karabak tana kusa da ita a kauri, daga can ne Chelaberd mai zane kamar gaggafa ta buɗe fukafukai take fitowa, da kuma waɗansu masu manyan wardi a kan baƙi da aka yi don jami'an Rasha. In ka gangara gabas wajen teku, Shirwan da Kuba da Dagestan, sai abin ya sauya: gashi gajere, ƙulli ƙanana, zane ƙanana kuma a jere. Daga Kuba ake samun Perepedil mai ƙahon rago, da Chichi, da Seichur. Daga Shirwan ake samun Marasali, 'yar ƙaramar dardumar salla mai boteh masu launi-launi a kan shuɗi mai duhu, wadda a wurina babu kamarta a duk yankin. Talish kuma doguwa ce siririya, wani lokaci tsakiyarta shuɗi ne zalla babu komai.

To yanzu juya dardumar. Fuska ta mai sayarwa ce, baya kuwa na mai saye ne.

A Kaukasus ƙulli iri ɗaya ake yi, wanda ake kira na Turkawa: zaren ya zagaye zaren tsaye biyu, bakinsa biyu su fito tare a tsakiya. Kuma tsofaffin ulu ne a kan ulu, wato har zaren tsaye na ulu ne. Dubi gezar da ke bakin dardumar, za ka ga ulu mai ruwan ƙasa ko fari da baƙi a murɗe. A Kazak zaren kwance, wanda masaƙanmu za su kira abawa, yawanci rinanne ne ja, kuma sau biyu, uku, har huɗu yake wucewa tsakanin layin ƙulli, ba ma daidai ba. In ka ɗaga ta sai ta langaɓe kamar bargo. Shirwan da Kuba sun fi tsauri, kuma akan sami auduga a zaren kwancensu. A biranen Farisa kuwa ginshiƙin, wato zaren tsaye da na kwance da ake ƙulla ulun a kansu, auduga ne, ko siliki a masu tsada, an danne zaren tsaye ɗaya a bayan ɗaya, sai bayan ya yi santsi, jikin ya yi ƙarfi. Kashan da Karman da Isfahan suna amfani da ƙullin Farisa mai zagaye zare ɗaya. Tabriz da Heriz da Bijar kuwa na Turkawa suke yi duk da suna cikin Iran. Abin dariya ma, garin Sanne da aka raɗa wa ƙullin Farisa sunansa, shi ma ƙullin Turkawa yake yi.

Dillalai suna son maganar yawan ƙulli, don lamba ce, kuma lamba tana sa mutum ya ji ya san abin da yake saye. Kashan mai kyau tana wuce ƙulli ɗari biyu a inci murabba'i, Kazak kuma sau da yawa ba ta kai ɗari ba. Wannan ma'aunin a cikin gida ɗaya kawai yake aiki, Kashan da Kashan. Tsohuwar Kazak mai ƙulli sittin, in launinta na da kyau, takan fi Kashan ta tsaka-tsaki tsada nesa ba kusa ba. Mai sayen Kaukasus launi da tsarin zane yake biya, mai sayen ta birni kuma yana biyan finƙin aiki da lafiyar jiki.

Ga dalilin da ya sa na nemi abin awo. Masaƙar ƙauye ƙarama ce, don haka tsohuwar Kazak da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai a faɗi, biyu da rabi a tsawo. Shirwan ta salla ma wajen mita ɗaya ce da ɗaya da rabi. Falon Kawu kuwa darduma mai mita uku da huɗu yake nema. In ka ga Kazak mai wannan girman aka ce maka tsohuwa ce, kusan tabbas sabuwa ce daga Pakistan ko Afganistan, inda ake saƙa zanen Kaukasus a kan auduga don kasuwar Turai. Abin da ya kan kai girma daga Kaukasus shi ne sumak, saƙa marar gashi da ake naɗa zaren a jikin ginshiƙi, bayanta buzu-buzu da zare. Tana da kyau, amma ba ta jure takalmi.

Tsakanin fadar Kashan da bukkar Kazak akwai wata hanya da mutane ke tsallakewa, kuma ita na fi nuna wa mai babban ɗaki. Heriz, gabas da Tabriz, kusa da dutsen Sabalan, ƙauyuka ne da suka ɗauki tambarin birni suka saƙa shi da hannun ƙauye. Sai ya fito da kusurwa, ganyen kamar an yanka da almakashi, ja ɗin kamar jan bulo, ga shuɗi mai haske da fari a kusurwoyi. Kallo ɗaya za ka ga dangantakarta da Kaukasus, don kogin Aras ne kawai tsakaninsu da 'yar tafiya. Amma ginshiƙinta auduga ce mai kauri, kuma tun asali don manyan ɗakuna aka yi ta. Tsofaffin masu fili da sanyin launi su 'yan kasuwa ke kira Serapi, suna ƙara musu kuɗi. Sai Bijar ta Kurdawa, wadda ake wa kirari da darduma ta ƙarfe: ana jiƙa zaren kwance a doke shi da ƙarfe har ƙura ma ba ta samun wurin shiga. Mutum ɗaya ba ya ɗaga babba, kuma ba a ninke ta, naɗe ta ake yi, in ba haka ba ginshiƙin ya karye. Akwai kuma Sultanabad, garin da ake kira Arak yanzu, inda kamfanin Ziegler na Manchester ya kafa ofis a 1883 yana ba da zane mai manyan furanni da launi mai sanyi don ɗakunan Turawa. Masu ƙawata gidaje suna rububinta, shi ya sa farashinta ya fi aikinta, a ganina.

Maganar launi ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata. Shuɗin tsohuwar darduma na baba ne, kuma yana tsufa da mutunci, kamar yadda tsohuwar riga mai rinin baba take yi. Ja daga saiwar wani tsiro ake samu, rawaya daga ganyaye da ɓawon rumman, kore kuma sai an rina sau biyu, shuɗi sannan rawaya, shi ya sa kore mai kyau ke ɗaga farashin Kazak. Da yake ƙauye kaɗan-kaɗan ake rini, sai ka ga launin fili ya sauya a tsakiya, ratsi mai duhu, ratsi mai haske. Ana kiran wannan abrash. A Kaukasus ado ne, a Kashan kuwa in ya yi yawa aibi ne. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu da ƙarfe ake kama su, ƙarfen kuma yana cin ulu a hankali, don haka in ka shafa tsohuwar Shirwan za ka ji baƙin ya lotsa ƙasa da sauran. Rinin kanti ya samo asali a Ingila a 1856, ya isa waɗannan ƙauyuka daga wajen shekarun 1870. Alamarsa ita ce ruwan lemo mai ƙona ido, ja da ya malala cikin fari, ko shunayya da samansa ya koma toka alhali gindin ƙullin yana nan da launinsa. Buɗe gashin da yatsa ka leƙa ciki. Akwai ma Saruk, wata dardumar Farisa, da aka kai Amurka a shekarun 1920 da 1930, aka wanke da sinadari sannan aka bi filin da fenti don ya yi duhu: fuska ja ce mai duhu, baya kuwa ruwan hoda.

Ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa, shi ya sa nake wannan surutu. A wani shago a Istanbul aka shimfiɗa mini wata Kazak, aka kawo shayi, aka nuna mini shekara a saƙe a kusurwa: 1310. Mu da muka san Hijira lissafin ba wuya, ka cire uku cikin ɗari ka ƙara 622, sai ya ba ka wajen 1892. Na biya ina murna. Da na dawo gida na jiƙa farin hankici na goga a wani wuri da ya yi kamar ya fi sauran sheƙi, sai ga ja a hankicin. Na tanƙwara wurin, na ga gashin ya ƙare tun tuni, zaren ginshiƙin ne aka shafa wa launi. Na juya ta a rana, sai na ga gefe guda gaba ɗaya sabuwar saƙa ce, ulun ya fi kaushi, kuma shekarar tana cikin sabon wurin. Tsohuwa ce, ba a yi mini ƙarya a nan ba, amma kusan sulusinta ƙanwata ce a shekaru. Wannan cuta ta fi yawa a kayan Kaukasus, saboda zanen yana da sauƙin kwaikwayo, kuɗinsa kuma yana da yawa. Kwaikwayon tsohuwar Kashan aiki ne na shekara ko fiye, bai cika biyan maƙaryaci ba. Ita nata ciwon daban ne: audugar ginshiƙi takan ruɓe in ta taɓa shan danshi. Tanƙwara ta kusa da kunnenka, in ka ji ƙas-ƙas kamar ana karya ƙirare, ajiye ta.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Ƙurar hunturu tana shiga dogon gashin Kazak ta kwanta a gindi tana yanka ulu kamar yashi, alhali a Bijar ko Kashan a sama take tsayawa, tsintsiya mai laushi ta isa. Asu kuma ulu yake ci, ba ya cin auduga: a ta Farisa ta birni zai cinye gashi ya bar ginshiƙi, a gyara, a ta Kaukasus kuwa rami zai yi har ƙasa. Da damina akasin haka ne, mai auduga ce ke cikin haɗari in simintin ɗaki yana tsattsafo. Wanda kuma yake nufin ya yi salla a kanta, ya duba da kyau. Matan Kaukasus suna son cusa 'yan tsuntsaye, awaki, har mutane a lungunan fili, wadda ake kira Akstafa ma manyan tsuntsaye ne a jikinta, kuma waɗansu na Karabak saƙar Armeniyawa ce, da rubutunsu da gicciye. A Farisa ma akwai na farauta da masu hoton sarakuna daga Karman da Kashan. Masu siffar mihrabi daga Shirwan da Dagestan yawanci furanni ne da boteh, amma a bi su da ido layi-layi.

In don kaina ne, da kuɗin darduma ɗaya a hannu, Shirwan ko Kuba zan nema, ƙarama, mai launin asali, ko da bakinta ya ɗan ci, in rataye ta a bango ko in ajiye ta inda ba a shiga da takalmi. Ta birni tana burge ni ranar farko, bayan wata guda sai idona ya daina ganinta. Ta ƙauye kuwa kullum sai na tsinci wani abu: tauraro ɗaya da aka sa masa launin da ba nasa ba, ko gefen da ya ƙare kafin zanen ya cika aka guntule shi haka nan. Amma mai ɗakin karatu ko ɗakin da ake karɓar baƙo ɗaya biyu, wanda yake son laushi da tsari, Kashan ko Tabriz mai lafiyayyen ginshiƙi ba za ta ba shi kunya ba, kuma 'yan shekarun 1920 suna da sauƙin kuɗi fiye da yadda ake zato.

Kawu dai na gaya masa duka biyun ba nasa ba ne. Kazak ɗin za ta zauna a falonsa kamar hankici a filin Idi, Kashan ɗin kuma ba za ta ga Sallah uku ba tsakanin jikoki da kwanukan tuwo. Na ce a nemo masa Heriz, mita uku da huɗu, a turo hoton bayanta da na gezarta da na kusurwoyi huɗu, a cikin hasken rana, kuma a rubuta a rasit shekarunta da duk inda aka gyara. Ya ce, "Wato duk wannan dogon bayani, ba ka zaɓi ko ɗaya ba." Na ce, "Kawu, na zaɓi ta uku." Ya ɗauki waya ya kira ɗansa, na ji yana cewa a juya masa dardumar ta baya.